Gishirin Da Ya Kwanta A Gindin Randa

Insaf mace ce mai zuciya, kowa a ƙauyenmu na kan tsaunin Akkar ya shaida haka. Aibinta ɗaya ne: in ka nuna mata hanya, to ka raba ta da hanyar ke nan. 'Yar birni ce, aure ya kawo ta cikinmu. Da mijinta ya rasu ya bar mata yara da garken tumaki, sai wansa Abu Nayif ya ce ta ba shi garken ya haɗa da nasa, shi zai riƙa ciyar da ita da yaran.

"Yaya, tumakin marayu ne, a hannun uwarsu za su zauna," in ji Insaf.

"To mu gani," ya ce. "In sanyin bana ya wuce ba ki zo ƙofata neman abinci ba, na bar miki su. In kuwa za ki zo, ki taho da garken."

"Na yarda. Ka rufe ƙofarka da kyau, kada sanyi ya shiga a banza."

Ta yi aiki kuwa, wannan ba mai musu. Tun da ciyawa ta fito take tatsa, tana yin cuku tana yankawa. A nan cukun da aka jiƙa a ruwan gishiri shi ne abincin gida in dusar ƙanƙara ta toshe hanya. Ranar da take zuba nata a randuna, sai ga Hajiya Zahiya, gwaggon mijinta, da ɗanyen ƙwai a tafin hannu.

"Gwaggo, ai na karya kumallo tun ɗazu."

"Ba na ci ba ne, 'yar nan. Ki dama gishirin a daro sai ya narke sarai, ki saka ƙwan. In ya taso ya nuna kansa kamar faɗin farce, ruwan ya yi. In ya nutse, da saura."

Insaf ta kalle ta sheƙeƙe. "Abu Nayif ne ya aiko ki?"

"Ni za a aika, da furfurata?"

"To ki mayar wa kazarki da kayanta. Kowa kwano ɗaya na gishiri yake sa wa randa, ni biyu na sa. Wane ƙwai ne zai koya min aikin gidana?"

Tsohuwa ta leƙa randar, ta ga an zube gishirin a gindi, an jera cuku har baki, an kwara ruwan sanyi a kai. Ta ce, "Gishirin da bai narke ba ai tsakuwa ne. Ruwa ne ke kai shi jikin cuku, kuma ruwa ba ya ɗauka da kyau sai an motsa. Na ƙasa zai yi zartsi, na sama ya zauna salam. Ki juye tun yanzu."

"Wallahi ba zan juye ba," in ji Insaf. Ta ɗaure bakin randunan a gabanta, ta liƙe su da laka.

Ni dai abin ya ba ni haushi da na ji, don aikin bai fi a yi shi kafin shayi ya huce ba. Amma Insaf ba gishiri take gani ba, Abu Nayif take gani.

Da ƙanƙara ta rufe hanya ta fasa randar farko. Warin da ya fito ya kori yaran daga ɗakin. Cukun sama ya ruɓe ya yi yauƙi, na tsakiya ma haka. Ta zura hannu har kafaɗa, ta samu 'yan tsiraru masu kyau a can ƙasa, a ƙarƙashinsu kuma ga gishirinta kwance fari fat. Ta fasa sauran randunan, duk labarin ɗaya ne.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta lallaɓa da 'yan tsirarun da ɗan garin alkama, tana ba yaran ita tana cewa ta ƙoshi. Ranar da autarta ta lashe kwano ta ɗago tana kallonta, ranar zuciyarta ta karye. Ta kora tumakin cikin ƙanƙara har ƙofar Abu Nayif.

"Ga su, Yaya. Ba ka fi ni ba, ni na kayar da kaina."

Ya karɓa kamar yadda aka yi alkawari, ya bar mata tunkiya biyu don nonon yara.

Da ciyawa ta sake fitowa, aka ga Insaf a ƙofar Hajiya Zahiya. Tsohuwa ta buɗe baki za ta yi magana, sai Insaf ta riga ta: "Aron ƙwai na zo, Gwaggo, ba wa'azi ba." Ta tafi da shi gida ta dama ruwanta har hannu ya gaji, ƙwan ya taso. Sai dai cukun tunkiya biyu bai cika ko rabin randa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, tsayawa kan haƙƙinka daban, toshe kunne daban. Insaf tana da gaskiya da ta ƙi sakin dukiyar marayu, amma ta ɗauki duk mai ba ta shawara abokin gaba. Ƙoƙari komai yawansa, in ba a bi yadda abu yake yiwuwa ba, zai kwanta a ƙasa kamar gishirinta. Kafin ka ƙi magana, ka duba ko gaskiya ce, ba bakin da ta fito ba.