Maƙerin da Ya Rataye Kibiya a Ƙofarsa

Akwai wani maƙeri a wani gari da ke gindin dutse, wanda ya gaji maƙera daga ubansa. Fartanya da garma da lauje yake ƙerawa, manoman ƙasar kuwa duk da kayansa suke shiga gona.

Gidansa babba ne, katanga ta kewaye shi, ƙofa ɗaya ce tak. A zaure kawunsa yake zama, wani tsoho mai suna Gayus, shi ke cewa wannan ya shiga, wancan ya tsaya. Idon Kawu Gayus ya yi rauni, amma hannunsa bai tsufa ba. Masu kawo wa gidan gawayi suna da irin ɗaurin da suke yi wa bakin buhu. Sai ya shafa ɗaurin, in ya ji shi ne, ya ce, "Wuce."

Can tsakiyar gidan ɗakin maigida yake. A nan yake ajiye kwatancin kowane kayan aiki, wanda aka sassaƙa da itace tun zamanin kakansa. Wanda za a yi aiki da shi, sai ya sa a kwando, ya rufe da faifai, ya ajiye a bakin ƙofa, matarsa Afiniki ta ɗauka ta kai wa 'ya'yansa maza a maƙera. Abin da suka tarar a kwandon shi suke ƙerawa, ba tambaya. A gidan nan ba a taɓa jin ɗa ya ce wa uba "don me" ba, maƙerin ma da wannan yake cika baki a kasuwa.

Ana nan, gab da damina, ya sa kwatancin garma a kwando, sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Da hantsin ranar wani baƙo ya zo da buhun gawayi a ka. Mutumin ya koyi ɗaurin nan sarai. Kawu Gayus ya shafa, ya ce ya wuce. Afiniki ta shiga ta ɗebo masa ruwan sha, kafin ta fito ya ɗaga faifai, ya cire kwatancin maigida, ya sa nasa. Ya sha ruwa, ya yi godiya, ya tafi.

Maƙerin ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba. Ran da zazzaɓin ya sake shi, abin da ya fara shiga kunnensa shi ne bugun ƙarfe. Ya kasa kunne. Bugun garma mai nauyi ne, ana yi ana hutawa. Wannan kuwa ƙanana ne, da sauri da sauri, kamar kaji na tsattsagar gero. Ya tashi yana dafa bango har maƙera.

Kan kibiya ne, tuli guda, a inda ya kamata a ce garemani ne a jere. Ƙarfen da ya tanada don damina duk ya tafi a nan.

Ya ce, "Wa ya sa ku wannan aiki?"

Babban ɗansa, Ilisha, ya ajiye masaba ya ce, "Baba, abin da ya fito daga ɗakinka ne."

Maƙerin ya zauna a ƙasa. Gama garin yana da doka tun kaka da kakanni: duk maƙerar da aka samu tana ƙera wa 'yan fashi makami, za a kashe wutarta, a rushe gidan, kada a bar ko bango.

Da la'asar baƙon ya komo da wani buhun, Kawu Gayus ya sake cewa ya wuce. Baƙon ya tsaya a kan maƙerin yana murmushi, ya ce, "Sannu da jiki, maigida. Ranar kasuwa mutanena za su zo su kwashe kayansu. Ka san dokar garinku fiye da ni. Ka ja bakinka ka yi shiru, gidanka ya tsaya." Da ya sunkuya zai ɗauki buhunsa, bakin buhun ya buɗe, maƙerin ya hango kwatancin kibiya birjik a ƙarƙashin gawayi. Nan ya gane ba gidansa kaɗai aka nufa ba, sauran maƙerun garin ma suna kan hanya.

Bayan fitarsa, Afiniki ta durƙusa tana kuka. Ta ce, "Maigida, mu haƙa rami mu binne su. Wa zai sani?"

Ya ce, "Masu su sun sani."

Tsoro ya kama shi ta kowane gefe. In ya yi magana, gidan ubansa ya tafi. In ya yi shiru, kiban nan za su sauka a jikin mutanen da yake gaisawa da su kowace safiya, matan da ke tafiya kasuwa da goyo, da manoman da suka ba shi amanar damina. Ya ɗebi kiban a hannu, ya ɗaure su da igiya. Ya wuce ta gaban kawunsa, ya rataye su a saman ƙofar zaure ta waje, inda duk mai wucewa zai gani.

Kafin rana ta faɗi masu tsaron gari suka iso. Shugabansu ya dubi kiban, ya dubi maƙerin, ya ce, "Ka san abin da zai biyo baya?"

Ya ce, "Na sani."

Suka fitar da iyalinsa, suka kwara wa wutar ruwa, suka sa diga a katanga. Amma da yake yanzu sun ga siffar abin da idonsu, washegari suka kama baƙon a ƙofar wata maƙera, buhunsa na ka. Maƙerin ya yi daminar nan a rumfar wani maƙwabci, ba kuwa wanda aka harba a garin.

To, ku ji abin da misalin nan yake nufi, musamman ku 'yan ƙaramar sakandare da kuke zana ƙwayar halitta a aji kamar kuna zana ƙosai. Gidan maƙerin nan, Allah ya gina irinsa ba iyaka a jikin kowannenku, ƙanana ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsu. Katanga da zaure su ne tantanin da ya lulluɓe ƙwayar, shi ke barin abinci da ruwa su shiga, ya fitar da datti. Tsakar gida ita ce ruwa mai kauri da ya cika cikinta, inda komai yake zaune. Ɗakin maigida shi ne cibiyarta, wadda malaminku ke kira nukiliyas, a nan umarnin kowane aiki yake. Wutar maƙera ita ce maitokondiriya, mai ƙona abinci ya zama ƙarfi. 'Ya'yan kuwa su ne raibozom, masu ƙera duk abin da umarni ya ce.

Baƙon shi ne ƙwayar cutar nan da ake kira bairos. Ba shi da wuta, ba shi da ma'aikata. Kamannin abin da tantani ya saba da shi yake ɗauka ya shiga, ya sa ƙwayar ta yi ta haifar irinsa da ƙarfinta. Ga abin mamaki: ƙwayar da aka kama takan fito da ɗan guntun baƙon ta kafa a jikinta ta waje, sojojin jini su gani su hallaka ta, sauran jiki ya tsira.

Zuciyarka ma haka take. Zunubi ba ya haura katanga, ta ƙofa yake shiga, a bakin aboki, ko a wayar da aka miƙa maka a bayan aji aka ce duba ka gani. In ya zauna, hannunka da bakinka su za su yi masa aiki, kai kana cewa ra'ayinka ne. Sa'an nan ya ce maka ka yi shiru.

Kada ka yi shiru. Ka fito da shi fili, ka faɗa wa Ubangiji, ka faɗa wa mahaifiyarka ko malaminka. Ba zan ruɗe ku ba, akwai kunya a ciki, wataƙila har da bulala, wataƙila ka rasa abokai. Amma Ubangiji mai gafara ne, yakan sake gina abin da aka rushe saboda gaskiya. Abin da ka ɓoye kuwa ba a kanka zai tsaya ba. Ƙanenka da ke kwana ɗaki ɗaya da kai, yana kwaikwayon duk abin da kake yi, shi ne gida na gaba.