Zakaran da Kura Ta Tafi da Shi Sama

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, mun kasa kunne.

Kura za ta sararin samaniya a kumbo, ta ɗauki Zakara ya riƙa tashinta.

Ta ce, "Duk wayewar garin da ba ka yi cara ba, kai ne kalacina."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, cara ai gadonta na yi."

Ashe kumbo zagaya duniya yake, gari kan waye sau goma sha shida a kwana ɗaya. Zakara ya yi ta cara har murya ta ɗauke.

Da gari ya sake wayewa ba cara, Kura ta lashe baki, ta daka tsalle. Can kuwa jiki ba nauyi, sai ta wuce shi, ta maku da rufi, ƙugunta ya goce.

Shi ya sa har gobe take jan ƙugu. Zakara kuwa ko da tsakar rana sai ya yi cara, don gudun tsautsayi.

Ƙurunƙus kan ɓera, nan na sauke ta.