Ruwan Aro a Tankin Ƙauye

An yi wani bawan Allah a wata jiha, ana ce masa Malam Sallau, ma'aikaci a ofishin binciken kuɗin gwamnati. In hukuma ta ce ta kashe kuɗin jama'a ta yi aiki, shi ake turawa ya gani da idonsa kafin ya sa hannu. Ba shi da mota, babur ɗinsa ma sai an tura yake tashi.

Iyaye mata, ku saurara, zancen nan namu ne.

Akwai wani ƙauye da yara ke shan ruwan kududdufi tare da shanu. Kowace damina sai amai da gudawa sun ɗauki 'ya'yan mutane. Hukumar ruwa ta ce ta haƙa musu rijiyar burtsatse, aka tura Malam Sallau ya tabbatar.

Ya tarar da tanki sabo fil, fenti sai ƙyalli yake. Ɗan kwangilar, Alhaji Mato, ya murɗa famfo, ruwa ya zubo shaa.

"Ka gani ko, Malam? Sa hannu mu bar ranar nan. Akwai ɗan goronka a mota."

"Na gode, Alhaji, haƙorana ba sa son goro."

Yana waiwayawa sai ya hangi mata can nesa riƙe da bokitai, ba wadda ta matso. Ya je ya rusuna gaban wata tsohuwa mai suna Tabawa.

"Iya, me ya hana ku ɗiba?"

"Ɗan nan, cewa aka yi kada mu taɓa sai baƙo ya tafi."

"To, baƙon ya ce ku ɗiba. Tulu, bokiti, har tukunyar tuwo, kowa ta kawo."

Alhaji Mato ya ja shi gefe. "Malam, kana da iyali fa. Manyanka abokaina ne. Waya ɗaya zan buga, gobe ka kwana ba aiki."

Kada ku ɗauka bai ji tsoro ba. Ya ji! Ya tuna nasa yaran da buhun masarar da ya kusa ƙarewa. Sai idonsa ya faɗa kan wani jariri a bayan uwarsa, idanu sun zurma.

"Ina da iyali, Alhaji. Su ma suna da shi."

Mata suka yi ta ɗiba, suka yi ta ɗiba, har famfo ya yi tari, ya ɗiga, ya tsaya.

Malam Sallau ya ce, "Madalla. Yanzu a tayar da inji, tanki ya sake cika."

Aka buɗe ɗakin inji, ashe bututun kamu guda ya shiga ƙasa ya tsaya. Ba a haƙa komai ba, da motar ruwa aka cika tankin.

Tabawa ta tafa hannu. "Ashe ruwan aro ne, kamar zanen biki!"

Malam Sallau ya rubuta abin da ya gani, bai ƙara ba, bai rage ba. Aka dakatar da shi daga aiki. Amma matan ƙauyen suka ɗauki bokitansu wayam suka je ƙofar majalisa, suka ƙi tashi sai da aka karanta rahotonsa. Aka tilasta wa Alhaji Mato ya haƙa rijiyar da kuɗin aljihunsa, aka mayar da Malam Sallau kujerarsa. Kafin ruwan farko ya sauka, ruwa ya fito daga ƙasa, mai sanyi, garau. A daminar nan ba a binne yaro ko ɗaya saboda gudawa ba. Allahu Akbar!

Darasin a fili yake: dukiyar jama'a amana ce, kuma amana ba ta tsaruwa da "an ce". In an ce an kawo magani asibitin unguwarku, ku je ku tambaya. In mai bincike ya zo, ku faɗa masa gaskiya, ku tsaya a bayansa. Sannan ku raini yaran da haƙoransu ba sa son irin wannan goro. Allah Ya ba mu irin Sallau a cikin 'ya'yanmu.