Ranar da Aka Naɗe Tabarmar Wakili

'Yan ajinmu na Lahadi, ku matso, ku matso! Misalin nan da ɗuminsa yake, ko hucewa bai yi ba.

Akwai wani manomi mai lambun albasa a bakin rafi. Lambun ba wani babba ba ne, amma shi ne cinsa, shi ne suturar 'ya'yansa. A garinsu kuwa akwai majalisa, kowace unguwa da wakilinta. Ga kuma al'adarsu: matan unguwa su ke yanko kaba, su saƙa wa wakilinsu tabarmar da zai zauna a kai. Duk abin da wakili ya faɗa yana kan tabarmar nan, babu alƙalin da zai kama shi da shi. An yi haka ne don wakili ya faɗi gaskiya ba tsoro, ko da gaskiyar ta taɓa babba.

To, wata shekara da rani sai ruwan rafi ya ja baya, lambuna suka fara bushewa. Majalisa ta zauna, aka kira masu lambu a ji ta bakinsu. Sai wakilin unguwar manomin nan, nasa wakilin fa, ya gyara babbar riga ya ce, "Dattawa, ba sai mun wahala ba. Ga mai tare ruwan nan a tsaye. Da idona na ga ya datse rafi, shi ya sa albasarsa ta yi shar."

Manomi ya dafe ƙirji. "Ni, ranka ya daɗe? Da garwa nake ɗibar ruwa, ga kanta nan a kafaɗata!"

Ina! Ba wanda ya saurare shi. Aka yanke cewa ran kasuwa mai zuwa za a karɓe lambun.

Ya ruga wurin alƙali yana haki. Alƙali ya ce, "Ɗana, a ina ya yi maka ƙazafin?"

"A majalisa."

"Yana kan tabarma?"

"Yana kai."

Alƙali ya girgiza kai. "To, hannuna bai kai can ba. Da a bakin kasuwa ya faɗa, da yanzu yana gurfane a gabana."

Wayyo, manomi ya koma gida. Ya je ya durƙusa a tsakiyar albasarsa ya ce, "Ya Ubangiji, alƙali ya ce hannunsa bai kai ba. Naka fa?"

Kun san me ya faru? Ashe a makon nan tabarmar wakili ta tsufa, lokacin saƙa sabuwa ya yi. Kaka Afiniki, tsohuwar da ke gaban masu saƙa, ta ja mata suka bi bakin rafi suka yi sama suna neman kaba, don ta kusa ta ƙare. Suna cikin tafiya sai suka ci karo da wata hanyar ruwa da aka haƙa a bayan shinge, ta kwashe ruwan rafi tana zuba shi cikin wani katafaren tafkin kifi. Tafkin wa? Na wakili!

Ran kasuwa majalisa ta zauna. Manomi na tsaye yana jiran a karɓe lambunsa. Sai ga mata sun shigo, ba sabuwar tabarma, ba komai. Kaka Afiniki ta tsaya a kan wakili ta ce, "Ɗan nan, tashi."

Ya yi yaƙe. "Kaka, lafiya? Kin san doka, ba a taɓa ni a nan."

"Alƙali ne ba ya taɓa ka. Ni tabarmata na zo ɗauka. Yatsun nan suka saƙa ta don ka faɗi gaskiya a kai, ba don tarwaɗarka ta yi ƙiba da ruwan mutane ba."

Nan ta faɗa wa majalisa abin da suka gani a rafi. Dattawa suka aika aka dubo, aka tarar haka ne. Wakili ya miƙe, Kaka ta naɗe tabarmarta ta saƙale a hammata. Ba a doke shi ba, ba a ɗaure shi ba, amma ya duba ko'ina babu wurin zamansa, sai ya sulale. Aka toshe hanyar nan, ruwa ya dawo, lambu ya tsira!

Da albasa ta nuna, manomi ya kai kwandon farko majami'a yana waƙar godiya, na biyu ya kai wa Kaka. Ta yi dariya ta ce, "Kai yaro, so kake in yi wata guda ina hawaye?"

To, ga ma'anar wannan misali. Tabarma ita ce amanar da ake ba wa shugabanni. Dokar mutane tana iya kare bakin ɗan majalisa, kotu ta kasa kama shi a kan abin da ya faɗa a zauren majalisa, amma wannan kariya ba izinin shaidar zur ba ce. Waɗanda suka shimfiɗa tabarma suna iya naɗe ta. Mu ma muna da ƙananan tabarminmu: ke babbar yaya da Mama ke yarda da maganarki, kai monita da malam ba ya yi maka musu. Kada mu zauna a kai mu ɗora wa wani laifin da bai yi ba.

In kuwa kai aka yi wa ƙarya har ka rasa mai jin kukanka, kada ka karaya. Manomi ya tambayi Ubangiji ko hannunsa ya kai. Mu gode masa, 'yan'uwa, domin ya kai, har da saura. Amin!