Fitilar Malam Nomau

Ku gyara zama ku ji wannan, domin in na kai ƙarshe ba ni zan yanke hukunci ba, ku ne.

A wani gari da ake kira Tudun Gawo an yi wani mai haƙar rijiya, sunansa Malam Nomau. Shekara arba'in yana sana'ar tare da ƙanensa Ilu. Dokar da suka gada daga mahaifinsu ɗaya ce: ba a shiga rijiya sai an ɗaura fitila a igiya an zura ta ƙasa. In ta ci gaba da ci, akwai iskar shaƙa. In ta mutu, ba mai sauka.

Wata rana suna yasar wata tsohuwar rijiya. Da safe Malam Nomau ya zura fitila, ta dawo tana ci. Ruwa ya yi musu yawa, sai mai rijiyar ya kawo injin jan ruwa, aka ɗaure shi daga ciki, ya yi ta aiki har azahar. Da aka kashe shi, Ilu ya kama igiya ya sauka. Ashe hayaƙin injin ya cika ƙasan. Gawarsa aka fito da ita.

Bayan jana'iza Malam Nomau ya ce, "Ni na kashe shi." Daga nan ya rufe bakinsa, ya kwanta ya juya wa duniya baya. Abinci kuwa, sai ruwa da cokali biyu na kunu in an matsa masa. Masu gaisuwa suka yi ta cewa ƙaddara ce, yakan gyaɗa kai kawai. Da wata ya cika, likita ya ce ba shi da wata cuta, amma in bai ci ba, ba zai kai damina ba.

'Ya'yansa uku ne, duka mata. Babbar, Hansatu, malamar sakandare ce a birni. Ta ɗauki hutu ta dawo gida, ta ƙudurta a ranta ba za ta sake shiga aji ba sai ta ga tuwo ya shiga bakin mahaifinta. Ta biyu, Zuwaira, marubuciyar wasannin rediyo ce. Autar, Lantana, a garin take aure, tana sayar da daddawa, kuma babu gidan da ba ta san abin da ke damunsa ba.

Lantana ta ce, "Yaya, ke da marubuciya ku fara. In kun gama bokonku ku kira ni."

Zuwaira ce ta fara. Hansatu ba ta ga abin da labari zai yi wa mai yunwa ba. Kwana uku Zuwaira tana rubutu. Sannan ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, ba ta ko dubi mahaifinsu ba, ta ce wa yayarta tana son a saurari sabon wasanta a gyara mata. Labarin wani mai fito ne da ya duba kwalekwalensa da safe ya ga lafiya lau, aka loda masa wasu irin kaya da bai taɓa ɗauka ba, jirgin ya kife, amininsa ya nutse. A ƙarshen wasan, mutanen gari suka kore shi, kowa na jifansa. Tana cikin karantawa sai suka ji murya a dushe daga kan gado: "Wannan zalunci ne. Mutumin nan me ya yi? Ki sake ƙarshen." Maganarsa ta farko ke nan cikin fiye da wata guda. Zuwaira ta ce, "To Baba, kai fa?" Ya ce, "Nawa daban ne." Amma bakin ya riga ya buɗe.

Ta wannan ƙofar Hansatu ta shiga. Ta lura kowa na ce masa kada ya ji nauyi, babu wanda ya zauna ya tambaye shi nauyin mene ne. Washegari da hantsi ta fito da shi inuwa, ta zana da'ira uku a ƙasa da tsinke. Ta ce, "Baba, ta farko ganganci ce, mutum ya sani ya aikata. Ta biyu sakaci, ya san abin da ya kamata ya ƙi yi. Ta uku, ya yi duk abin da ya sani, abin da bai sani ba ya cim masa." Ta miƙa masa tsakuwa ta ce ya ajiye ta a da'irar da yake ganin kansa a ciki. Ya ajiye ta a sakaci. Ta ce, "Kaka ya koya maka zura fitila sau biyu?" Ya ce a'a. "A zamaninsa akwai inji?" Ya ce babu. "Duk garin nan akwai wanda ya san hayaƙin zai taru a ƙasa, ya gaya maka ka ƙi ji?" Ya girgiza kai. Kwana huɗu suna wannan, yana kawo hujja tana warwarewa, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sassauta ba. A rana ta biyar ya ɗauki tsakuwar da kansa ya mayar da ita da'ira ta uku. Ya ce, "Na gane ba laifi ba ne. Amma da wane ido zan dubi Tabawa?" Tabawa ita ce matar marigayi Ilu. Aka kawo abinci, ya ture.

Nan ilimin Hansatu ya tsaya, ta aika aka kira Lantana. Ita kuwa ta riga ta san abin da su ba su sani ba. Tabawa tana takaba, ba ta fita. Tun ranar rasuwa take jiran yayan mijinta ya zo ya zauna da marayu kamar yadda aka saba, da bai zo ba ta ɗauka ya yar da su. Shi kuma da bai ji daga gare ta ba, ya ɗauka ba ta yafe ba. Lantana ta bi gida gida ta tara masu haƙar rijiya na garin, biyu suka tallabi Malam Nomau har zauren Ilu. Tabawa ta yi magana daga bayan asabari: "Yaya, na rasa miji. Yanzu so kake 'ya'yan nan su rasa uba sau biyu? Ni ban taɓa riƙe ka ba." Ta turo ƙwaryar fura da ta dama da hannunta. Babban cikin mahaƙan ya ce, "Sha, Malam. Akwai rijiya bakwai masu inji a ƙauyukan nan, kuma ba wanda za su saurara in ba kai ba." Malam Nomau ya ɗauki ludayi. Ya shanye tas.

Da ya murmure, ya zagaya ƙauyukan yana koyar da sabuwar doka: in inji ya yi aiki, sai an sake zura fitila. Ranar da Hansatu za ta koma makaranta, ya tara 'ya'yan nasa ukun, ya ɗauko tsohuwar fitilar mahaifinsa. Ya ce, "Ni ma na faɗa rijiya, an fito da ni. Wannan ta wadda ta fito da ni ce. Guda ɗaya ce, ba ta rabuwa."

Ba don labarin Zuwaira ba, da bai yi magana ba. Ba don da'irorin Hansatu ba, da ko an kai shi zauren zai ɗauka tausayi ne ake yi wa mai laifi. Ba don Lantana ba, da ya mutu yana sane ba shi da laifi.

To, ku da kuka ji, wace ce a cikinsu za a miƙa wa fitilar?