Bulalar Milusha

Dalilin da ya sa mutanen Rasha ke zane juna da reshe a ɗakin wanka, wanda aka zane kuma ya yi godiya, ku gyara zama ku ji, yara.

A zamanin da, fataken Rus, kakannin mutanen Rasha, kan bi koguna da jiragen ruwa, suna kai zuma da fatu kasuwannin kudu. Inda kogi ya ƙare, sai su ja jirgin a tudu har su kai wani kogin. A kan wannan tudu wata tsohuwa take zaune, Milusha, da bukkar ƙyafe kifi da gonar albasa. Duk ayarin da ya wuce sai ya tattake mata gonar.

Wata shekara madugu Torkel ya iso. Wata uku rabonsa da wanka, sauro sun yi masa kaca-kaca, ga ƙiba ta hana hannunsa kaiwa baya ya sosa. Sauri yake kada kogin gaba ya daskare, sai ya sa aka ja jirgi ta tsakiyar albasar.

Milusha ta dubi abincinta na shekara a murƙushe. Ta haɗiye fushi ta ce, "Madugu, shigo ka ɗanɗana kifi."

Yana shiga ta sa sakata. Ta sheƙa ruwa a kan duwatsun murhu don tururi ya shaƙe shi. Zafi ya sa ya tuɓe riga, ita kuwa ta ɗauko ɗanyen reshe ta hau zabga masa.

Torkel ya lumshe ido. "Iya," in ji shi, "ɗan gangaro wajen kafaɗar hagu."

"Dukanka fa nake yi, ɗan nema."

"Na sani, Iya. Allah ya ƙara ƙarfi."

Ta yi ta duka har hannunta ya sage. Ya fito jawur kamar tattasai, ya faɗa ruwan sanyi, ya taso yana dariya, ƙaiƙayi ya tafi. Kafin Milusha ta huta, mutanensa arba'in sun tuɓe riguna sun yi layi.

"Ba wanda zan taɓa sai an shinge min gona," ta ce.

Suka yi shinge. Suna cikin aikin kogi ya daskare, dole suka kafa bukkoki. Labari ya bazu a koguna, fatake suka riƙa tsayawa a zane su. Bukkoki suka zama kasuwa, shinge ya zama ganuwa, aka naɗa Torkel sarki, amma ko shi sai ya bi layi. Milusha ta rasu tana jiran mutum ɗaya ya ce wayyo.

Shi ya sa har yau, in ka je baƙunci can mai gida ya tuɓe maka riga ya ɗauko reshe, kada ka gudu. Juya masa baya.