Gwajin Baba Jatau a Gindin Bene

A wani gari, sunansa ya kwanta mini yanzu, an sa ofishin tantance masu neman tallafin nakasa a saman bene. Likitan wurin ya kafa ƙa'ida: wanda ya hau, lafiyarsa lau, babu tallafi, wanda bai hau ba, bai zo ba.

Baba Jatau mai ƙafa ɗaya ya iso da ƙanwarsa Lantana, tunda doka ta yarda mutum ya zo da shaida. Ya tsaya a gindin bene ya kwaɗa sallama.

Likita ya leƙo ta taga. "Jatau, hawo mana!"

"Ranka ya daɗe, da ni kake?"

"Da wa nake in ba kai ba?"

"Lantana, kin ji, ya ga zuwana. To likita, me kake jin ya hana ni hawowa?"

"Kai ma dai! Da ƙafa ɗaya ina za ka iya?"

"Lantana, kin ji sakamakon gwaji."

Likita ya yi tsaki, ya sauko da takardar yana haki, ya sa hannu.

Jatau ya ce, "Sannu, likita. Da wannan hakin, kai ma gobe ka zo da shaida."